Ruwan haidurojin zai yi maganin ciwon gwiwar mahaifiyarmu?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu tana da shekara 63, ta kai shekara huɗu tana fama da gwiwoyinta duka biyun. Tashi daga zaman tahiya sai ta dafa ƙasa, matakala kuwa ta daina hawa. Wani mai kemis a unguwarmu ne yake haɗa mata ƙwayoyi a leda, in ta sha ta ji sauƙi, in sun ƙare ciwo ya dawo. Tana da hawan jini, kuma kwanan nan mun lura fuskarta ta ciko. To yayanmu da ke zuwa sari Chana ya ce ya ga wata gora da ake yi wa caji, tana sa iskar haidurojin a ruwan sha, da kuma wata na'ura da ake shaƙa ta hanci. An ce masa suna maganin sanyin ƙashi da ciwon tsoka, har ƙanenmu mai buga ƙwallo ya ce a sayo da tasa. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Da gaske suna magani, ko mu riƙe kuɗinmu?" Daga wata mai karatu a Kano.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

In na fahimce ki, kina son jin ko iskar haidurojin, a sha ta a ruwa ko a shaƙe ta, za ta rage ciwon gwiwar dattijuwa da gajiyar tsokar saurayi, har ta cancanci kuɗin da za a zuba. Bari in fara da amsar a dunƙule, sannan mu warware ta. Maganar haidurojin ba 'yan talla ne suka ƙirƙire ta ba, akwai masana na gaske da suka yi shekaru suna aiki a kanta. Amma abin da suka samu a jikin mutane zuwa yanzu ɗan kaɗan ne, kuma mafi ƙarfinsa ba a kan irin ciwon da nake zaton Hajiya ke da shi ba ne. 'Yan kasuwa ne suka riga malam masallaci. Akwai kuma wani abu a wasiƙarki da ya fi haidurojin tayar mini da hankali, wato ledar ƙwayoyin nan da cikowar fuska. Zan zo kansa.

Inda maganar ta taso

Haidurojin iska ce mai ƙananan ƙwayoyi ƙwarai, kuma ita ce mafi rashin nauyi a cikin iskoki. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwan da muke sha ma haɗinta ne da oksijin, sai dai a can a ɗaure take, ba ta fitowa. Wadda ake sayarwa sakakkiya ce, an dura ta cikin ruwa kamar yadda ake dura gas a lemon kwalba. Tsawon zamani likitoci sun ɗauke ta 'yar rakiya, ta shiga jiki ta fita ba ta taɓa komai ba. Shi ya sa masu nutso zuwa ƙasan teku suka yi amfani da ita. A 1992 kamfanin COMEX na Faransa ya sa mutum a ɗakin gwaji mai matsi daidai da zurfin mita 701 a teku, yana shaƙar haɗin haidurojin da hiliyom da oksijin, ya kuma fito da ransa. Wannan ya nuna iskar ba guba ba ce, bai nuna tana magani ba.

Ko da yake tun 1975 wasu masana a Amurka suka gwada ta a kan ɓeraye masu dajin fata, duniya ba ta waiwayo ba sai a 2007. A shekarar ne Farfesa Shigeo Ohta da abokan aikinsa na makarantar likitanci ta Nippon a Japan suka wallafa sakamakonsu a mujallar Nature Medicine. Sun toshe jijiyar jinin ƙwaƙwalwar ɓeraye, irin abin da ke faruwa a shanyewar ɓarin jiki, sannan suka buɗe ta. Ɓerayen da suka shaƙi iska mai haidurojin kashi 2 cikin 100 sun fi sauran tsira da ƙwaƙwalwarsu.

Bayanin da suka bayar kuwa, ki kwatanta shi da murhu. Jiki yana ƙona abinci da oksijin ya samu ƙarfi, kuma duk murhun da ke ci sai ya fitar da tartsatsi. Wasu tartsatsin suna da aiki: garkuwar jiki tana kashe ƙwayoyin cuta da su, tsoka ma ta hanyarsu take jin saƙon cewa an motsa ta, ta ƙara ƙarfi. Amma akwai wani guda, ana ce masa haidiroksil, wanda ba ya komai sai ɓarna, duk abin da ya faɗa wa ya ƙone. Ohta ya ce haidurojin tana kashe wannan mugun ta bar masu amfanin, kuma saboda ƙanƙantarta ba lungun da ba ta shiga. Da yake wurin da ke kumbure tartsatsinsa ya fi yawa, ba a daɗe ba masu binciken ciwon gaɓɓai suka ce to bari mu gwada a namu fagen.

Sai dai masana sinadarai sun ja da wannan bayani, kuma ina ganin suna da hujja. Mugun tartsatsin nan ba ya jira, yana fitowa yake afka wa abin da ke kusa da shi, haidurojin kuwa tana da nawa wajen kama shi idan aka gwada ta da sauran sinadaran da ke cikin jiki, ga ta kuma 'yar kaɗan. Yau da yawa daga masu binciken sun koma cewa in ma tana aiki, to ta hanyar zaburar da makaman kariyar jiki ne, ba ita da kanta ke kashe wutar ba. Ana nan ana ta muhawara. Duk mai sayarwar da ya zana miki yadda take aiki tiryan-tiryan ba tare da inda-inda ba, ya fi masu binciken sani ke nan.

Abin da aka gani a jikin mutane

A nan sai mun rarrabe, domin kalmar "sanyin ƙashi" a bakin mutanenmu buhu ce da ake zuba cututtuka da yawa a ciki. Akwai zaizayewar guringuntsi, wadda shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni ke kawowa. Ita ke kama gwiwa da ƙugu, ta tsananta da tafiya da hawa da durƙuso, ta lafa da hutu, kuma sandarewar safe ba ta cika wuce rabin awa ba. Akwai rumatoyid, wanda garkuwar jiki ce ta juyo tana cin gaɓɓai. Shi yakan fara da yatsu da wuyan hannu, hagu da dama tare, da kumburi, mutum ya tashi da safe ya fi awa guda bai iya dunƙule hannu ba. Akwai mai kama babban yatsan ƙafa cikin dare kamar an sa garwashi, wanda taruwar sinadarin yurik ke jawowa. Ga ciwon ƙashin masu sikila, ga tarin fuka da ke shiga ƙashin baya, ga ƙwayar cuta da ke shiga gaɓa ta yi mugunya. Kowanne maganinsa daban.

Gwajin da masu talla suka fi kafa hujja da shi a kan rumatoyid aka yi shi. A 2012 wani likita a Fukuoka ta Japan, Toru Ishibashi, ya ba marasa lafiya 20 ruwa mai haidurojin, mililita 530 kowace rana har mako huɗu, aka huta mako huɗu, aka sake mako huɗu. Ma'aunin da muke auna tsananin ciwon da shi, wanda ake ƙirga gaɓɓai 28, ya sauka, kuma waɗanda ciwon bai kai shekara ba a jikinsu sun fi kowa samun sauƙi. Abin sha'awa ne. To amma kowa a cikinsu ya san abin da yake sha, likitan ma ya sani, kuma babu wani rukuni da aka ba ruwa zalla don a gwada. A 2014 su dai wannan tawagar suka sake, da mutum 24, wannan karon ta ƙarin ruwa na kwana biyar, rabi mai haidurojin, rabi babu, ba wanda ya san nasa. Nan ma masu haidurojin sun fi. Wannan ya fi na farko nauyi, amma mutum 24 ne, kwana biyar ne, asibiti ɗaya ne, kuma ta jijiya aka ba da shi, ba a gora ba. Magungunan rumatoyid da muke rubutawa an gwada su a kan dubban mutane na tsawon shekaru, ana ɗaukar hoton ƙashi ana ganin ko sun hana gaɓa lalacewa. Haidurojin ba ta je wannan matakin ba.

Zaizayewar guringuntsi kuwa, wadda bayaninki ya fi kama da ita, yawancin aikin da aka yi a kanta a ɓeraye ne da ƙwayoyin guringuntsi da aka raina a ɗakin bincike. A can ana ganin kumburi ya ragu. Amma gwiwar ɓera da aka lalata da gangan cikin makonni ba ita ce gwiwar da ta yi shekara sittin tana ɗaukar mutum, da ciki, da goyo, da daka ba. Magunguna nawa ne suka warkar da ɓeraye suka zo kan mutum suka yi shiru? Babu wata babbar ƙungiyar likitocin gaɓɓai, ta Amurka ko ta Turai, da ta sa haidurojin a jerin abin da take ba da shawarar a yi wa mai ciwon gwiwa. Kuma ko ta rage kumburi, guringuntsin da ya riga ya cinye ba ya dawowa da shan ruwa.

A ɓangaren tsoka, akwai wani gwaji da nake girmamawa saboda masu shi sun faɗi gaskiya. A 2011 masu bincike a Nagoya suka ba masu cututtukan tsoka na gaske, irin masu sa mutum ya kasa ɗaga hannu ko tashi daga kujera, wannan ruwa. Da farko mutum 14, lita guda kullum har mako 12, sannan mutum 22 a gwajin da ba wanda ya san abin da yake sha. Wasu alƙaluma a gwajin jini sun ɗan motsa, amma da aka auna jikin marasa lafiyar ba a ga sun samu sauƙin da za a nuna ba. Wannan darasi ne da ya kamata ki riƙe: takardar gwajin jini takan gyaru mai ita yana nan yadda yake.

Shi kuma ƙanenki, hujjarsa ita ce gwajin 2012 da aka yi da 'yan ƙwallo goma a Japan. Waɗanda suka sha ruwan kafin motsa jiki mai tsanani, sinadarin gajiya bai taru a jininsu sosai ba, kuma ƙarfin cinyarsu bai yi saurin sauka ba, amma alamar raunin tsoka a jini ba ta canza ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya wasu sun ga ɗan bambanci a jin gajiya, wasu ba su ga komai ba. Ki ce masa ya yi barci isasshe, ya ci abinci, ya sha ruwa kafin ƙishi ya kama shi a filin nan na rana, ya sayi takalmi mai kyau da kuɗin. Na gama da shi.

Nawa ne ma a cikin gorar?

Wannan lissafin ba a cika yi wa mai saye shi ba. Lita guda ta ruwa, a matsin iska na yau da kullum, ba ta riƙe haidurojin fiye da miligiram 1.6. In aka fitar da ita aka auna a matsayin iska, ba ta kai cikin cokalin cin abinci biyu ba. Ana iya dura fiye da haka da matsi, kamar yadda aka yi a Fukuoka, amma da an buɗe murfi ta fara gudu. Tana ratsa gorar roba ta fice ko ba a buɗe ba, shi ya sa a Japan ake zuba ruwan a jakar alminiyam. Wanda aka sha ma, cikin mintuna kaɗan ake fara ganin iskar a numfashi, kafin awa guda yawancinta ta fita ta huhu.

Abin dariyar shi ne cikinmu ma masana'antar haidurojin ce. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji suna samar da ita duk lokacin da suka samu abin da ƙaramin hanji bai narkar ba. Wanda ya ci garau-garau ko ɗanwake ya ji ciki na ƙugi, wani kaso na wannan iskar haidurojin ce, kuma abin da hanji ke yi a wuni ya fi na gorar nan yawa. Masu goyon bayan ruwan suna cewa bambancin shi ne nasu yana zuwa ne a tashi ɗaya, ya yi sama ya sauka, kuma wannan bugun ne ke zaburar da jiki. Mai yiwuwa ne. Amma zato ne da ke jiran hujja.

Ga kuma matsalar ko gorar tana yin abin da aka rubuta a kwalinta. A ƙarshen 2016 cibiyar kare masu saye ta ƙasar Japan ta auna kayayyaki 19, na ruwan da aka riga aka dura da na'urorin haɗawa. Wasu ba su kai adadin da suka rubuta ba, wasu na gorar roba ma ba a samu haidurojin a cikinsu ba sam. In haka ta faru a ƙasar da ta fi kowa sanin abin, me za mu ce da gorar da aka ɗauko a kasuwar sari ba sunan kamfanin da za a kama? Kumfar da kike gani tana tashi a bidiyo ba shaida ba ce, wadda ta tashi ta fashe a sama ai ta tafi.

Akwai haɗari?

Ruwan kansa, in ruwa ne mai tsabta da haidurojin kawai, ba a ga wata illa ta a zo a gani ba a gwaje-gwajen da aka yi, kuma hukumomin abinci na Amurka da Turai sun yarda a sa iskar a kayan ci da sha. Amma ki lura, yardar hukuma cewa abu ba ya cutarwa daban, shaidar cewa yana warkarwa daban. Haka lambar NAFDAC a jikin kwali, in ma akwai ta.

Inda ake samun matsala shi ne hanyar haɗawa. Gorar tana amfani da lantarki ne ta raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin, kuma mai arha wadda ba ta da shamaki tsakanin ɓangarorinta biyu tana iya fitar da kulorin a cikin ruwan in akwai gishiri a ciki, kamar yadda ruwan rijiyar burtsatse da na famfo sukan kasance. In ruwan ya yi warin bilic, a zubar. Akwai kuma ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa. Waɗannan magniziyam ne. Yana iya sa gudawa, yana hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta shiga jini in an sha su tare, kuma mai raunin ƙoda bai kamata ya sha shi ba sai da sanin likita. Dattijuwa mai hawan jini da ta yi shekaru tana shan maganin ciwo, sai an auna ƙodarta kafin a ce lafiya lau take.

Na'urar shaƙa kuwa, kai tsaye nake cewa kada a kawo ta gidan. Haidurojin tana kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, har zuwa kashi 75, kuma harshen wutarta da ƙyar ake ganinsa. Wasu na'urorin suna fitar da kashi biyu cikin uku haidurojin, kashi ɗaya oksijin, wanda haɗi ne mai fashewa. Yanzu ki tuna ɗakin Hajiya: kaskon turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, kyandir in an ɗauke wuta, ga jikoki na shiga da fita. A asibitocin da ake gwajin shaƙar, sau da yawa a ƙasa da ma'aunin kamawar wuta ake riƙe ta, da ma'aikata a kai.

Abu ɗaya kuma da dole in faɗa saboda kamannin suna: ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis, wanda shi ma ake ce wa haidurojin, wani abu ne daban. Ba a shansa, ko an sirka. Yana ƙona maƙogwaro da ciki.

Ledar mai kemis

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa. Ban ga ƙwayoyin ba, amma na ga irinsu ba adadi. Yawanci akan samu diklofenak ko ibuprofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a leda ɗaya, sai kuma 'yar ƙaramar ƙwaya, dekzametason ko ɗan'uwansa, wadda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Ita ce ke sa a ji sauƙi kamar an yi sihiri, ita ce kuma ke ciko da fuska. In an daɗe ana sha tana tayar da hawan jini, ta kawo ciwon suga, ta sa ƙashi ya yi taushi ya karye da ƙaramar faɗuwa, ta cinye tsokar cinya, wadda ita ce ke tallafe gwiwar. Su diklofenak kuma suna huda ciki su taɓa ƙoda, kuma raunin ƙoda shi ma yana kumbura fuska. Ko wanne ne daga ciki, cikowar fuskar nan ba ƙiba ba ce ta jin daɗi.

Kada ku tsayar da ƙwayoyin a tashi ɗaya. In akwai dekzametason a ciki kuma ta daɗe tana sha, jikinta ya rage samar da irin wannan sinadarin da kansa, yankewa farat ɗaya na iya kwantar da ita. Ku ɗauki ledar yadda take ku kai wa likita cikin makon nan, a gane abin da ke ciki, a janye shi sannu a hankali, a auna jini da suga da ƙoda, a ɗauki hoton gwiwa tana tsaye. Kuna Kano, ga asibitin ƙashi na Dala, ga asibitin koyarwa na Aminu Kano. Zuwa da kai ya fi aike, domin ni daga nan ban taɓa gwiwar da hannuna ba, kuma zatona na zaizayewar guringuntsi zai iya sauyawa in an duba yatsunta aka ga kumburi.

In ta tabbata zaizayewa ce, abin da ya fi kowane magani hujja ba ya cin kuɗi sosai. Na farko ƙarfafa tsokar gaban cinya. A sashen gashin ƙashi za a koya mata, amma asalinsa mai sauƙi ne: ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa, ta riƙe ta ƙirga goma, ta sauke, ta maimaita, safe da yamma, har ya zama mata kamar lazimi. Sai rage nauyi in akwai ƙiba, domin an auna cewa kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Maganin shafawa na diklofenak yana aiki a gwiwa, kuma abin da ke shiga jini daga gare shi kaɗan ne in an gwada da ƙwaya. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren gwiwar da ta fi ciwo. Masai na zama maimakon na tsugunno. Salla a kujera, wadda dattawanmu ke jin nauyinta, alhali hadisin Imrana ɗan Husaini ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune. In duk an yi abin ya ƙi, akwai allurar cikin gaɓa, akwai kuma aikin sauya gwiwa.

In kuma rumatoyid ne, to lokaci ne jarin. Watannin farko su ne ake hana gaɓa lalacewa, da magani irin metotireksat da ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da gwajin jini. Ina tuna wata baiwar Allah, malamar makaranta, da muka samu ciwonta ya kwanta sarai. Sai wata ƙawarta ta sayar mata da na'urar wani ruwa, ba ma na haidurojin ba, ta ce ai maganin asibiti guba ne. Ta ɓace mini wata takwas. Da ta dawo yatsunta sun karkace, alli ma ba ta iya riƙewa da kyau. Ruwan bai yi mata komai ba, barin maganin ne ya yi. Mun sake kwantar da ciwon, yatsun dai suna nan a karkace.

In yayanku ya riga ya sayo

Ni ban taɓa rubuta wa mara lafiya haidurojin ba, amma wasu sun zo mini da gorarsu, kuma ba na yi musu dariya. Wani dattijo ya rantse mini gwiwarsa ta yi sauƙi tun da ɗansa ya kawo masa. Da muka zauna hira sai ga shi ya bar lemon kwalba ya koma ruwan gorar, ya sauke kilo biyar, ya kuma koma zuwa masallaci da ƙafa saboda ya sa rai zai warke. Sauƙin gaskiya ne. Wanne daga ciki ya kawo shi, ba mai iya rabewa a kan mutum ɗaya. Ciwon gwiwa ma da kansa yana hawa yana sauka, kuma mutum yakan sayi sabon magani ne a ranar da ciwo ya kai maƙura, daga nan kuwa sauka ya fi yiwuwa ko an sha ko ba a sha ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake nacewa a kan gwajin da ba wanda ya san abin da yake sha.

Da ni ne, kuɗin zan kai wa gwaje-gwaje da gashin ƙashi da gyaran banɗaki. Amma in gorar ta riga ta iso, ba sai an yi rigima da yaya ba. Bayan likita ya ga Hajiya an daidaita maganinta, a zuba ruwa mai tsabta, a sha da zarar ta gama aiki, kada a ajiye, kuma kada a daina shan ko ƙwaya ɗaya daga abin da likita ya rubuta. Ki samu ƙaramin littafi. Mako biyu kafin ta fara, kowane dare ki tambaye ta ciwon yau nawa ne daga ɗaya zuwa goma, ki rubuta, ki kuma ƙirga sau nawa take iya tashi daga kujera ta zauna cikin rabin minti ba tare da dafawa ba. Ki ci gaba da haka mako takwas tana sha, sannan ki ɓoye gorar mako biyu ki ga ko lambobin sun motsa. Ki tafi da littafin duk ranar da za ku ga likita, da ledar mai kemis ɗin a zuwan farko.